Amsoshin Tambayoyinku: Ina Zan Ajiye Kalmar Sirri Idan Kwamfuta Ce Ke Aiki Ita Kaɗai?

TAMBAYA: Ni mazaunin Madachi ne a ƙaramar hukumar Rano. Ni da abokaina biyu da ke Kano muna rubuta wata 'yar manhaja da ke riƙe lissafin bashin taki da iri na wata ƙungiyar manoma ta yankinmu, har da wasu mambobi daga Kibiya. Aikin namu a Subversion yake ajiye, a kan wata uwar garke da muke haya. Ina da tsohuwar laftof da allonta ya fashe, na ɗora mata Linux na ajiye ta a shagon yayana a cikin garin Rano saboda yana da sola. Kullum ƙarfe biyu na dare, lokacin da data ke arha, takan janyo sabon gyaran da aka yi ta fitar da rahoto. Kwanan baya na goge ta na ɗora sabon Linux, tun daga nan ta daina. Tana neman kalmar sirri, kuma ko na rubuta mata ba ta riƙewa. Da na gaji sai na sa kalmar a cikin fayil ɗin umarnin, aiki ya ci gaba, amma abokina ya ce ganganci na yi. To Malam, ina zan ɓoye ta? Kuma in mun koma Git matsalar za ta kau?

AMSA: Ɗan'uwa, na ji daɗin wasiƙarka, domin abin da ya dame ka a shagon yayanka shi ne yake hana injiniyoyin manyan kamfanoni barci. Abokinka ya faɗi gaskiya, kuma zan zo kan dalilinsa. Amma mu fara da abin da ya sami laftof ɗin, don ba lalacewa ta yi ba.

Subversion, wanda ake kira svn a taƙaice, manhaja ce da ke ajiye aiki da tarihin gyare-gyarensa a rumbu guda, kuma tsohon hannu ne. Kamfanin CollabNet ya fara shi a 2000, yanzu kuma yana hannun gidauniyar Apache. Shekara da shekaru, a kan Linux, in ka ba shi kalmar sirri sai ya rubuta ta a wani ɗan fayil cikin foldar ~/.subversion/auth/svn.simple, ɓaro-ɓaro, yadda duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai karanta ta. A fitowa ta 1.6, a 2009, aka sa ya riƙa neman izini kafin ya rubuta. A fitowa ta 1.12, a 2019, masu shi suka rufe ƙofar daga tushe: in dai ba wanda ya harhaɗa manhajar ne ya buɗe ta da gangan ba, svn ba zai ƙara rubuta sabuwar kalmar sirri a fili ba. Wadda ya tarar a ajiye tun da can yana ci gaba da karanta ta. Kai kuwa ka goge komai, tsohon fayil ya tafi, sabon svn ya ƙi rubuta wani. In kana son ka gani da idonka, buga svn --version ka duba ƙarshen abin da ya fito, zai jero maka wuraren ajiyar da ya yarda da su.

A jerin za ka ga irin su GNOME Keyring da KWallet da GPG-Agent. Dukkansu an ƙera su ne da tunanin akwai mutum zaune a gaban allo. GNOME Keyring akwati ne mai kwaɗo da ke buɗewa sa'ad da ka shiga kwamfutar da kalmarka. Ƙarfe biyu na dare kuwa ba wanda ya shiga. Cron, ɗan aiken da ke tayar da aikinka kan lokaci, yana farkawa ne a kango, ba allo, ba madannai, bai ma san hanyar da zai bi ya isa akwatin ba. Shi kuma GPG-Agent a ka yake riƙe kalmar, kuma in ba a canza saitinsa ba, minti goma ba a neme ta ba sai ya manta, ko ana ta neman ta ma ba ta wuce awa biyu.

To yanzu tambayarka: ina za ka ɓoye ta? Amsar da ba a son ji ita ce babu inda za ka ɓoye ta ta ɓoyu. Ka ɗauka an ce wa mai gadi ya buɗe sito ƙarfe biyu na dare saboda motar taki za ta iso, maigida kuma yana Madachi yana barci. Dole makullin ya kasance inda hannun mai gadi zai kai. Ka ce za ka sa makullin a akwati ka datse? To makullin akwatin fa? Shi ma sai ya kasance inda hannunsa zai kai. Ka jera akwati goma, ɗaya cikin ɗaya, na goman a buɗe zai kwana. Haka kwamfutar da ba kowa a gabanta take. Duk abin da za ta iya buɗewa ita kaɗai, wanda ya mallake ta ma zai buɗe. Na sha ganin matasa masu hazaƙa sun ɓata mako guda suna murɗa kalmar sirri da lissafi, sannan su ajiye mabuɗin warware murɗar a fayil ɗin da ke maƙwabtaka da ita. Wasu ma base64 suke sa mata, wanda ba kulli ba ne ko kaɗan, sauya kama ne kawai, umarni ɗaya ke mayar da ita yadda take. A wurina wannan ya fi barin ta a fili haɗari, domin mai shi zai kwanta da zaton ya rufe ƙofa alhali a buɗe take.

Saboda haka ka daina wahalar da kanka kan maɓoya. Ka mai da hankali kan wane makulli ne za a ba mai gadin, da wanda ke iya shiga ɗakinsa, da kuma tsawon lokacin da zai ɗauke ka ka sauya kwaɗo ranar da makullin ya ɓace.

Ta wannan mahangar za ka ga inda gangancin yake. Ina da tabbacin kalmar da ka sa a fayil ɗin taka ce ta kanka, wadda kake rubuta gyara da ita, mai ikon sauya ko share kowane fayil a rumbun aikinku. Kuma in halinka irin na yawancinmu ne, wataƙila ita ce dai kake buɗe imel da ita. Ke nan ka miƙa wa mai gadi damin makullan gida gaba ɗaya don ya buɗe ƙofa guda. Sannan idan ka sa ta a layin umarni bayan --password, a lokacin da aikin ke tafiya duk wani mai asusu a kan na'urar zai iya ganin ta da umarnin ps, kuma in da hannu ka taɓa buga layin, tana nan kwance a tarihin umarninka. Mafi muni, fayil ɗin umarni ba ya zama wuri ɗaya. Yau abokinka zai ce turo mini ta WhatsApp in duba, gobe wani cikinku zai jefa shi cikin rumbun tare da sauran fayiloli. Shi kuwa rumbu an gina shi ne don kada ya manta. Ko ka share fayil ɗin a gyara na gaba, tsohon yana nan a tarihi, duk mai ikon karatu zai koma ya ɗauko. A svn ma babu umarnin da ke kankare abu daga tarihi, sai an juye rumbun duka an tace an sake ginawa.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2016 wasu ɓarayin intanet suka shiga rumbun injiniyoyin kamfanin Uber a GitHub, suka tarar da makullan shiga ma'ajiyar kamfanin a rubuce a ciki, suka kwashe bayanan fasinjoji da direbobi miliyan 57. Kamfanin ya rufe maganar har Nuwamba 2017, a 2018 kuma ya biya jihohin Amurka dala miliyan 148. Toyota ma, a Oktoba 2022, ta sanar cewa wani ɓangare na manhajarta ta T-Connect ya zauna a GitHub a bainar jama'a da makulli a cikinsa tun Disamba 2017 har Satumba 2022, abin da ya shafi masu motoci kusan 296,000. Kusan shekara biyar ba wanda ya lura. In gemun waɗannan ya kama wuta, kai da ni sai mu shafa wa namu ruwa. Abu na farko da za ka yi yau, kafin ka gama karanta amsar nan, shi ne ka sauya waccan kalmar, da duk wani wuri da ka maimaita ta.

Daga nan sai ka yanka wa laftof ɗin nata makullin. A kan uwar garke ku buɗe mata asusu na kanta, da sunan da kowa zai gane na na'ura ne. A fayil ɗin authz, inda svn ke rubuta wa ke da ikon me, ku ba asusun harafin r kaɗai, wato karatu, kuma a kan foldar da take buƙata kawai. Ka ce aikinta janyowa ne da fitar da rahoto, to ba ta da hujjar samun ikon rubutu. In wata rana kuka so ta riƙa mayar da wani abu, ku ware mata 'yar folda guda ku ba ta rw a nan, ban da ko'ina. A kan laftof ɗin ma ka buɗe wani asusun Linux daban wanda shi ne zai riƙa gudanar da aikin daren, ba naka ba, ba kuma root ba.

Idan uwar garken ta yarda a shiga ta SSH, wannan ita ce hanyar da nake ba da shawara, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ka shiga sabon asusun ka buga ssh-keygen -t ed25519. Zai fitar maka da fayil biyu. Wanda ya ƙare da .pub shi ne kwaɗo, ɗayan shi ne makulli. Kwaɗon za ka kai wa uwar garke ka maƙala a fayil ɗin authorized_keys, kuma ko duniya ta gan shi ba komai, ganin kwaɗo ba ya buɗe ƙofa. Makullin kuwa a kan laftof aka haife shi, a kanta zai mutu. Ba a tura shi ta waya, ba a kwafe shi a filasha, ko abokanka ba sa buƙatar ganinsa. Lokacin shiga ma ba a aika shi ta intanet, sa hannu kawai yake yi a kan saƙon da uwar garke za ta gwada da kwaɗonta.

Zai tambaye ka ko za ka rufe makullin da wata jimlar sirri. Don aikin dare, ka bar wurin fayau. Na san za ka ji wani iri, amma ka tuna akwatunan nan goma. Tsaron yana wani wuri: a layin da ka maƙala kwaɗon, ana iya sa sharaɗi a gabansa. Ka rubuta restrict, sannan ka sa command= da umarnin svnserve -t, da --tunnel-user ɗauke da sunan asusun na'urar, ka ƙara -R wanda ke tilasta karatu kaɗai. Ma'anarsa, duk wanda ya zo da wannan makullin, ko da me ya zo, ƙofar svn kawai za a buɗe masa, ya karanta ya fita. Ba zai samu wurin buga umarni a kan uwar garken ba. Akwai kuma sharaɗin from= da ke ɗaure makulli da adireshin intanet guda. Yana da kyau ƙwarai ga ofis mai tsayayyen layi, amma kai da ke amfani da layin waya adireshinka na sauyawa kullum, don haka ba zai yi maka ba.

Wani ƙaramin abu da ke kayar da mutane: karon farko da SSH zai gaisa da uwar garke, yakan nuna maka tambarinta ya tambaye ka ko ka yarda. Cron ba shi da bakin amsawa, sai aikin ya tsaya. Za ka ga masu ba da shawarar a kashe tambayar da StrictHostKeyChecking=no. Kada ka bi su, domin wannan tambayar ce ke hana a yi maka sojan gona da wata na'ura a tsakiyar hanya. Ka shiga da hannu sau ɗaya daga asusun na'urar, ka gwada tambarin da wanda mai uwar garken ya ba ka, ka amince, shi ke nan ya riƙe.

In kuwa masu haya ba su ba ku sai hanyar https ba, to dole kalmar sirri. Ka ƙirƙiro wa asusun na'urar doguwar kalma ta harufa talatin birkitattu wadda ba mai haddace ta, tunda ba mutum zai riƙa buga ta ba. Ka sa ta ita kaɗai a wani fayil da ke wajen foldar aikin, yadda ba za ta taɓa faɗawa rumbu bisa kuskure ba, ka buga chmod 600 a kansa don mai asusun kaɗai ya iya karantawa. Tun fitowa ta 1.10, a 2018, svn na da --password-from-stdin, wanda ke karɓar kalmar ta bayan gida ba tare da ta bayyana a layin umarni ba. Ka haɗa da --non-interactive don kada ya tsaya jiran amsar da ba mai bayarwa. Haka ne, kalmar a fili take a cikin fayil ɗin. Na faɗa maka hakan kai tsaye domin ka san abin da ka ajiye, ka tsare shi daidai da saninka.

Za a ce maka akwai tsaka-tsaki, kuma akwai. Kana iya rufe makullin SSH da jimlar sirri, ka buɗe shi sau ɗaya ka damƙa wa ssh-agent ya riƙe a ƙwaƙwalwar na'ura muddin tana kunne. Wanda ya sace ta a kashe bai samu komai ba. Amma duk sanda ta mutu ta tashi, sai mutum ya zo ya sake buɗewa. Ka auna wannan da halin da muke ciki. Tsohuwar laftof batirinta ya gaji, sola kuma in damina ta yi nisa aka kwana biyu ana hadari, kafin asuba ta sauke. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, da yawancin Arewa ta shafe sama da mako guda a duhu, kowa ya dawo kan sola da janareta da caji. Ashe ke nan duk ɗaukewar wuta sai ka hau babur daga Madachi zuwa Rano, ko ka lallaɓa ta waya ka shiga daga nesa. Ga makullin da karatu kawai yake yi, ban ga ribar wannan wahalar ba. Ga makulli mai ikon rubutu, na gani. Akwai kuma ɗan guntun ƙarfe mai suna TPM a cikin laftof da yawa, wanda systemd-creds, da ya zo a ƙarshen 2021, ke iya ɗaure sirri da shi ta yadda in an zare faifan ajiya aka kai wata na'ura ba zai karantu ba. In taka na da shi, ƙari ne mai kyau, amma bai sauke maka nauyin rage ikon makullin ba.

Batun Git kuwa, a'a, matsalar ba za ta kau ba, riga kawai za ta sauya. Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, yana da mataimaka biyu da ke zuwa tare da shi. Na farko, store, yana rubuta sirrinka a fili a fayil ɗin ~/.git-credentials, daidai da tsohon halin svn. Na biyu, cache, yana riƙewa a ka na daƙiƙa 900, wato minti goma sha biyar, ya manta. GitHub ma tun 13 ga Agusta 2021 ya daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen aikin Git, sai dai tokin ko makullin SSH. Shi tokin kalmar sirri ce a wata kama, amma yana da abin da nake ta nanata maka: tun Oktoba 2022 ana iya yanka shi daidai rumbu ɗaya, karatu kaɗai, da ranar da zai mutu. In kun bi wannan hanyar ku rubuta ranar a kalanda, kada ya mutu shiru ana tsakiyar karɓar bashi da kaka. Kada kuma ku cusa shi cikin adireshin rumbun, don zai je ya zauna a .git/config. Abin da ya fi dacewa da na'ura irin taka a GitHub shi ne makullin SSH da ake maƙala wa rumbu guda, wanda in ba ka ƙara masa iko da kanka ba karatu kawai yake yi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan yi shiru a kansa ba. A ganina manhajarku ba ita ce mafi daraja a cikin laftof ɗin nan ba. Sunayen manoma ne, da lambobin wayarsu, da buhu nawa ake bin kowa. Mutum ya yarda ya ci bashin taki a gaban shugabannin ƙungiya, bai yarda gari ya sani ba, kuma amana ce a wuyanku tun kafin dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta zo ta ƙara mata nauyi. Kada waɗannan bayanan su shiga rumbun svn ko Git ko sau ɗaya. Ita kanta laftof ɗin a sa ta inda ake kullewa, ba a kan kanta kusa da masu cajin waya ba, kuma kada yaran shago su riƙa kallon fim a kanta. Ranar da za ka kai ta gyara, ko a Rano ko a titin Beirut a Kano, ka fara cire layin kwaɗonta daga uwar garke ka kwashe bayanan mutane. Ba zargin mai gyara nake ba, amma na'ura takan kwana a shago ta bi hannu da yawa. In ta dawo ka yanka sabon makulli, aikin minti biyu ne.

In ka gama shiryawa, ka yi gwaji biyu da rana tsaka kana zaune a gabanta. Sa cron ya tashi nan da minti biyar, ka kashe laftof ɗin ka kunna, kada ka shiga, ka zauna ka ga ko rahoton zai fito da kansa. Sannan ka kira ɗaya daga cikin abokanka na Kano ka ce masa ya ɗauka an sace ta yanzu, ya shiga uwar garke ya goge layin kwaɗonta, kai kuma kana duba agogo. In ya ɗauke shi fiye da minti goma, ko ya ce bai san inda fayil ɗin yake ba, ku zauna ku uku ku koya har kowa ya iya, ku rubuta matakan a takarda kowa ya riƙe kwafi. In gwajin farko ya ƙi, ka sa cron ya zuba saƙon da svn ya bayar a wani fayil, ka turo mini layukan ƙarshe bayan ka goge sunan asusu da adireshin uwar garken, mu duba tare.